Juriyar Ƙarfen Sitenles a Cikin Alkohol, Asid da Ruwan Gishiri: Abin da Sikeli Ke Ɓoyewa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙarfen sitenles ke jure wa ruwa iri uku da ake yawan zuba masa a masana'antu da asibitoci da wuraren sarrafa abinci, wato alkohol da asid da ruwan gishiri. Matsayar maƙalar ita ce juriyar ta rataya ne a kan wata siririyar yana da kuromiyom ke haɗawa da oksijin a fuskar ƙarfen, kuma ɗorewar yanar tana hannun abin da ke cikin ruwan da zafinsa da irin aikin da aka yi wa fuskar. An nuna cewa gishiri, wanda ake rainawa, ya fi yawancin asid ɓarna, kuma auna ragin nauyi a kan sikeli, wanda ɗalibanmu suka fi dogara da shi, ba ya kama irin wannan ɓarnar.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1913, a garin Shafil na Ingila, Harry Brearley yana neman ƙarfen da zai hana bututun bindiga saurin cinyewa. Ya narka wani haɗi mai kuromiyom kashi 12.8 cikin ɗari da kabon kashi 0.24. Da ya zo duba ƙwayoyinsa a madubin ƙara girma, sai ya shafa masa ruwan da aka saba shafa wa ƙarfe don ƙwayoyin su fito fili, wato asid ɗin naitirik da aka tsinka da alkohol. Ruwan bai kama shi yadda yake kama sauran ƙarafa ba. Shekara guda kafin haka, a kamfanin Krupp na Jamus, Eduard Maurer da Benno Strauss sun riga sun nemi rajistar haɗin kuromiyom da nikel, kakan nau'in da muke kira 304 a yau.

Ke nan gwajin da ya fito da darajar ƙarfen Brearley da asid da alkohol aka yi shi, kuma ya ci gwajin. To amma asid ɗin naitirik na daga cikin waɗanda suka fi yi wa sitenles sauƙi. Da ruwan gishiri mai ɗumi Brearley ya jiƙa ƙarfensa a ciki na wasu makonni, da ramuka zai gani. Wannan bambanci ne maƙalar ke bibiya.

2.0 Yanar da ke tsare ƙarfen

Ana kiran ƙarfe sitenles idan kuromiyom ɗin da ke cikinsa ya kai kashi 10.5 cikin ɗari. Daga wannan mataki, da zarar fuskarsa ta haɗu da iska ko ruwa mai oksijin, kuromiyom zai ɗaura wata yana wadda kaurinta bai wuce 'yan nanomita ba. Ido ba ya ganinta. Idan aka karce ta, takan sake ɗauruwa nan take, muddin akwai oksijin ko ruwa a wurin. Ƙarfen da ke ƙarƙashinta bai fi sauran ƙarafa tsira ba. Yanar ce ta raba shi da ruwan.

Nau'o'in da suka shafe mu kaɗan ne. 304 na da kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8. 316 ya ƙara da molibdinom kashi 2 zuwa 3. 430 na da kuromiyom 16 zuwa 18 amma babu nikel, shi ya sa maganaɗisu ke kama shi. 410 da 420, waɗanda ake ƙera wuƙaƙe da kayan tiyata da su, kuromiyom ɗinsu bai wuce 12 zuwa 14 ba, an sayar da juriya an sayi kaifi. Sai 2205, mai kuromiyom 22 da molibdinom 3 da ɗan naitirojin. Akwai kuma dangin 200, da aka rage musu nikel aka cike da manganis, waɗanda suka bazu sosai lokacin da farashin nikel ya haura dala 50,000 a kan tan ɗaya a 2007. Su ma maganaɗisu ba ya kama su. Saboda haka ɗan kasuwar da ya manna maganaɗisu a jikin faranti ya ce wa mai saye ga shaidar 304, bai nuna masa komai ba.

3.0 Asid

Abin da ya kamata a fara tambaya game da asid shi ne: yana ciyar da yanar ne ko yana narkar da ita? Ƙarfinsa a kan fatar mutum ba ya amsa wannan tambaya.

Naitirik yana ba da oksijin, don haka yana ƙara wa yanar ƙwari. Da shi ma ake wanke sabon sitenles don a tsabtace fuskarsa a gyara yanar, kamar yadda ƙa'idar ASTM A967 ta tanada, kuma tankunan 304L, wato 304 mai ƙarancin kabon, ne ake ajiye shi a ciki a masana'antun taki. Haidurokulorik kuwa ya haɗa sharri biyu, ga tsami ga kulorayid. Babu wani mataki na tsinkawa da za a ce 304 ko 316 sun dace da ajiye shi. Mai wanke tayil da ya fantsama shi a jikin ƙarfen bene zai ga jan tabo kafin kwana biyu.

Salfiyurik ne ke da ban mamaki. A zafin ɗaki, 316 na jure masa idan an tsinka shi ƙwarai, yana kuma jure masa idan ya kai kashi 90 ko fiye, domin a wannan ƙarfi shi ma yakan zama mai ba da oksijin. Tsakiyar ce ke cin ƙarfe, kuma ruwan batir, mai kimanin kashi 30 zuwa 37, a tsakiyar yake. Akwai tarko a nan da masu tanki ke faɗawa: salfiyurik mai kauri yana zuƙar laima daga iska, sai samansa ya tsinke, a wayi gari an ga zobe ya ci bangon tankin daidai inda ruwan ya tsaya, alhali ƙasan lafiya lau. Don wannan tsakiya aka ƙirƙiro 904L, mai nikel kusan kashi 25 da molibdinom fiye da 4 da ɗan tagulla.

Asid ɗin abinci ba su da wannan rigima. Tatarik na tsamiya, sitirik na lemun tsami, laktik na nono, asitik na binega, duk 304 na ɗaukarsu a zafin ɗaki ba tare da wata illa ba. Wannan ne ya sa masana'antun madara da na lemun kwalba a duniya suka tsaya a kansa. Fomik ya ɗan fi su zafi, musamman idan an ɗumama shi, kuma nan ake komawa 316.

4.0 Gishiri

Ruwan gishiri ba shi da tsami, ba ya ƙona hannu, ba ya kuma narkar da yanar baki ɗaya. Huda ta yake yi a wuri guda, ya bar sauran fuskar tana ƙyalli. Yakan fara ne daga inda yanar ke da rauni, galibi inda wani ɗan gurɓin manganis da salfa ya maƙale a fuskar ƙarfen tun daga narki. Da zarar ɗan rami ya buɗe, ƙarfen da ya narke a cikinsa zai haɗu da ruwa ya haifar da asid, har pH na cikin ramin ya sauka zuwa 1 ko ƙasa, alhali ruwan da ke waje yana 7. Kulorayid ɗin gishirin zai yi ta kwarara ciki don daidaita cajin lantarki, oksijin kuma ba ya isa ƙasan ramin balle yanar ta sake ɗauruwa. Ramin ya zama yana ciyar da kansa. Aikin gara ke nan a jikin azara: baki ƙarami, ciki kogo.

Inda ruwa ke maƙalewa ya fi saurin kamuwa, domin can an riga an gina wa ramin ɗaki. Ƙarƙashin wosha da robar toshe yoyo, tsakanin faranti biyu da aka ɗora ba a cike waldarsu ba, ƙarƙashin laka da ta kwanta a gindin tanki, duk wurare ne da oksijin ke ƙarewa kulorayid ya taru. Wannan tsatsar lungu takan fara a zafin da bai kai wanda ramin fili ke bukata ba. Shi ya sa ruwan da ke gudu a bututu bai kai ruwan da aka bari ya kwana a cikinsa haɗari ba, ko da gishirinsu ɗaya.

Masana'antar ƙarfe na amfani da wani ɗan lissafi mai suna PREN don jera nau'o'in: kason kuromiyom, a tara da kason molibdinom sau 3.3, a tara da kason naitirojin sau 16. 304 na samun kimanin 18 zuwa 20, 316 kimanin 24, 2205 kimanin 35, kuma ana neman 40 ko fiye ga abin da zai zauna cikin ruwan teku. Lissafin jeri kawai yake bayarwa, ba ya faɗin ranar da tanki zai fara yoyo. Ƙa'idar aiki da aka saba bi a ruwa marar tsami a zafin ɗaki ita ce 304 ya tsaya a kulorayid miligiram 200 a lita, 316 kuma a 1,000. A gwada wannan da ruwan teku, mai kusan 19,000, ko ma ruwan gishirin da ake ƙara wa majinyaci, mai gishiri kashi 0.9, wanda kulorayid ɗinsa ya kusa 5,500. Almakashin tiyata na 420 da aka bari jini ko wannan ruwa ya bushe a mahaɗinsa yana cikin yanayin da ya fi ƙarfin 316. Haka kuma jiƙa kayan aiki a ruwan kulorin na kashi 0.5, wanda aka daɗe ana koyarwa; jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 kan tsabtace kayan asibiti ta hana shi, kuma cin ƙarfe na cikin dalilan da ta bayar.

Bushewa ma abin lura ce, musamman a ƙasa mai zafi. Ruwan burtsatse mai ɗan gishiri kaɗan, idan yana ɗiga a kan bututu mai zafi yana ƙafewa, abin da zai rage a wurin ya ninka na asali sau da yawa. Sakamakon awon ruwan da aka ɗebo daga famfo ba zai nuna wannan ba.

Mafi muni shi ne tsagewa. Idan kulorayid ya haɗu da zafi da kuma ja a jikin ƙarfen, ko jan nauyi ne ko wanda walda da lanƙwasa suka bari, dangin 304 da 316 kan tsage farat ɗaya ba tare da sun rame ba. An daɗe ana koyar da cewa wannan ba ya faruwa ƙasa da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. A ranar 9 ga Mayu 1985, silin kankare na wani wurin ninƙaya a garin Uster na Suwizalan ya rufto ya kashe mutum 12. Sandunan sitenles da ke riƙe da shi ne suka tsage, a zafin da ke kusa da rabin abin da littattafai ke faɗa. Tururin ruwa mai kulorin ne ya riƙa sauka a kansu yana bushewa shekara da shekaru, a wurin da ba a wankewa ba a kuma dubawa. Iyakar digiri 60 ta ƙarfen da ke nutse cikin ruwa ce, ba ta shafi wanda gishiri mai tsami ke bushewa a kansa ba.

5.0 Alkohol

Itanol da metanol da aisofurofanol, idan tsarkakakku ne, ba su da wani tasiri a kan 304 ko 316. Ba sa ɗaukar lantarki sosai, shi kuwa cin ƙarfe aiki ne na lantarki. Sifirit na kashi 70 da ake goge teburin tiyata da shi ba ya cutar da teburin. Inda aka sami matsala da itanol na man mota, a tankuna da bututun ƙarfe na gama-gari aka same ta, har Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta fitar da rahoto kan tsagewarsu a 2003.

Abin da alkohol ya ɗauko ne ke kawo cikas. Itanol yana zuƙar ruwa daga iska, ruwan kuma yana ba gishiri damar narkewa, sannan wani ɓangaren itanol ɗin kan juye ya zama asitik. Don haka ƙa'idar ASTM D4806 ta itanol ɗin mai ta iyakance ruwa a kashi 1, ta sa iyaka ga kulorayid da tsami, ta kuma nemi ma'aunin pHe, wato pH na itanol, ya tsaya tsakanin 6.5 da 9.0.

Akwai kuma wani juyi da ya saɓa wa tunanin da muka saba da shi. Yanar tana bukatar ruwa kafin ta ɗauru, domin daga ruwan take samun yawancin oksijin ɗinta. A cikin metanol da aka tsane shi ƙaf, idan ɗan haidurokulorik ko salfiyurik ya shiga, yanar da ta fashe ba ta da abin gyara kanta, sai ƙarfen ya ci gaba da narkewa. Ƙara ruwa kaɗan kan dawo da kariyar. Mai binciken da ya rubuta "alkohol" kawai a rahotonsa, bai auna ruwan da ke ciki ba, bai faɗa mana abin da ya gwada ba.

6.0 Inda asid da gishiri suka haɗu

A ɗakin gwaji muna raba kwalabe uku, kowace da sunanta. A wurin aiki ba a raba su. Misali mafi kusa da mu shi ne masana'antun jima na Kano, a Challawa da Sharaɗa da Bompai. Kafin a jeme fata da kuromiyom, ana juya ta a cikin ruwan gishiri mai kauri da aka zuba wa salfiyurik da fomik har pH ya sauka kusa da 3. Gishirin ne ke hana fatar kumbura a cikin asid, don haka ba a iya cire shi. A mahangar ƙarfe, wannan haɗi ɗan'uwan haidurokulorik ne: tsamin na hana yanar warkewa, kulorayid na huda ta. Ganga ko famfo ko ƙusar 304 da za ta yi shekaru a cikin kowane ɗayansu shi kaɗai, a haɗe ba za ta kai ko'ina ba. Ba banza ba katako da roba suka daɗe suna riƙe da wannan mataki na aikin.

A ƙaramin mataki, haka abin yake ga mai sarrafa tumatir ko yaji da ke haɗa gishiri da binega ya tafasa, ya kuma bar ragowar ta kwana a tukunya. Haka ga mai zuba gishiri a ruwan sanyi, ƙwayoyin su kwanta a gindin tukunya kafin su narke. Ƙananan fararen ɗigon da ake gani a gindin tukwane daga nan suke.

Sai hannun mai walda, wanda nake ganin ya fi zaɓen nau'i tasiri a yawancin tankunan da ake ƙerawa a garuruwanmu. Idan sitenles ya daɗe tsakanin digiri 450 da 850, kabon zai janye kuromiyom zuwa iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, ya bar gefensu ba su da isasshen abin ɗaura yana. Asid zai bi waɗannan iyakoki, ya ci layi biyu a gefen waldar. Maganin sananne ne: nau'in L, wanda kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.03 ba, ko 321 mai taitaniyom. Launin shuɗi da ruwan goro da wuta ke bari a gefen walda ma ba ado ba ne, ƙarƙashinsa kuromiyom ya ragu, kuma nan rami ke fara buɗewa idan ba a cire shi ba. Dutsen gurza da aka yanka rodi da shi, ko burushin waya na baƙin ƙarfe, yana dasa ɓurɓushi a fuskar sitenles, ɓurɓushin ya yi tsatsa ya huda yanar. Da yawan abin da ake kira jabun ƙarfe, ƙarfen na gaske ne, aikin ne ya ɓata shi.

7.0 Matsalar awo

Hanyar da ta fi yawa a kundayen ɗalibai ita ce a yanka ɗan faranti, a auna shi, a nutsa shi na wasu kwanaki, a wanke, a sake aunawa. Daga nan a fitar da saurin ci a milimita a shekara: ragin nauyi a miligiram sau 87.6, a raba da nauyin ƙarfen na giram a santimita kubik, da faɗin fuska a santimita murabba'i, da awoyin da ya yi a ruwa. Abin da ya gaza 0.1 ana ɗaukarsa mai juriya. Ga asid da ke cin fuska bai ɗaya, hanyar daidai ce.

Mu ƙaddara faranti mai faɗin santimita murabba'i 20 ya yi kwana 30, wato awa 720, a ruwan gishiri, ya rasa miligiram 5. Da nauyin 7.9, lissafin zai ba da kimanin milimita 0.004 a shekara. Ɗalibi zai rubuta cewa ƙarfen ya yi fice. To amma miligiram 5 na sitenles daidai yake da milimita kubik 0.63. Idan duk daga rami ɗaya mai faɗin baki milimita 1 ya fito, zurfin ramin ya kai milimita 0.8. Tankin da aka yi da faranti mai wannan kauri ya riga ya ɓule a wata guda, sikeli kuwa yana cewa zai shekara ɗari biyu.

Daga nan ake samun jadawalin da ke nuna asid a sama, gishiri a ƙasa kusa da alkohol, a kammala da cewa gishiri ba abin damuwa ba ne. Lambobin gaskiya ne, hukuncin ne kuskure. Ga kulorayid akwai hanyoyin da aka tanada. ASTM G48 na amfani da ferik kulorayid na kashi 6, yana kuma duba ramuka da zafin da suke fara bayyana. ASTM G61 na bin ƙarfin lantarkin da yanar ke fashewa a kai da wanda take warkewa. ASTM A262 na tona asirin walda. Inda babu na'urar lantarki, madubin ƙara girma da ƙirga ramuka da auna mafi zurfinsu, kamar yadda ASTM G46 ta bayyana, ba su fi ƙarfin kowane sashen kimiyya ba. Ɗaura zoben roba a jikin farantin ma ya isa ya samar da lungu.

8.0 Kira ga masu bincike da masu duba kundaye

Ina roƙon kada a karɓi kundin da ya gwada sitenles ba tare da ya tabbatar da nau'insa ta hanyar awon sinadaran da ke cikinsa ba, domin sunan da aka faɗa a kasuwa ba hujja ba ne. A sa farantin da aka yi wa walda a gefen wanda ba a taɓa ba, kuma waldar ta zama irin wadda ake yi a bakin titi, tun da ita ce ke riƙe da tankunan jama'a. A rubuta zafin ruwan da yawan kulorayid ɗinsa, a alkohol kuma a rubuta yawan ruwan da ke ciki. Sannan a ɗebo ruwan gwajin daga inda ake aikin: daga gangar majema, daga tukunyar masu tumatir, daga burtsatsen da tankin zai sha. Masu waɗannan sana'o'i suna da tambayar da suke jiran amsarta, wato ko kuɗin da ke tsakanin 304 da 316 ya cancanci a biya, kuma sassanmu na da kayan da za su amsa musu ita.